Dariyar Da Muka Ci Bashi

'Yar'uwa mai karatu, na tabbata kin sha lura da abin da kan faru a gidajenmu duk ranar da aka gayyato wani tsohon ɗan wasan barkwanci aka zauna hira da shi a talabijin. Mai tuƙa tuwo sai ta rage wuta, mai wanki ta ɗauraye hannu, maigidan da ba ya zaman falo sai ga shi ya jawo kujera. In kuwa ta waya hirar ta shigo, kafin la'asar ta zaga unguwa. Ba abin da za ki riƙa ji sai, "Allah sarki, ashe yana nan da ransa!" Wata ta ce, "Dubi yadda ya tsufa." Wata kuma ta ce, "Wallahi ban san haka yake da hankali ba." A yi ta yabo, a yi ta sa albarka, har da masu share ƙwalla da bakin mayafi.

Shirye-shiryen irin wannan hira sun yawaita a 'yan shekarun nan. Akwai Kundin Kannywood na tashar Arewa24, akwai Daga Bakin Mai Ita na Sashen Hausa na BBC, ga wanda Hadiza Gabon ke gabatarwa, ban da na gidajen talabijin na jihohi. Kuma in kin lura, duk yawan samari da 'yan matan da ake kawowa, ranar da aka kawo tsoho ita ce ranar da jama'a suka fi nuna jin daɗinsu. Wannan jin daɗi shi nake so mu zauna mu duba, ni da ke. Yabon gwani ya zama dole, ba musu. Amma me muke yabawa ne a zahiri? Kuma shin yabon nan ya sauke mana nauyin da ke kanmu game da waɗannan bayin Allah, ko kuwa ya dai sa mun ji kamar mun sauke ne?

Mu fara da kalmar nan ta "ashe yana da hankali." Ita ce ta fi fitowa a bakin mutane, kuma ita ce ta fi tona mana asiri. Mai faɗarta yabo take nufi, amma in kika juya ta za ki ga cewa shekara da shekaru ta ɗauka mutumin wawa ne na gaske. Ta ga rigar wasa ta ɗauka fatar jikinsa ce. Alhali duk wadda ta taɓa ƙoƙarin sa yaro mai kuka ya yi dariya, ko ta taɓa neman kalmar da za ta sauke fushin maigida ba tare da ta zubar da girmansa ba, ta san cewa ban dariya aikin masu hankali ne. Sai ka san halin mutane, ka san inda yake musu ƙaiƙayi, ka san daidai lokacin da za ka yi shiru. Wawa na gaske haushi yake ba mutane.

Ɗauki marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama. Yaranmu na yanzu ba su san shi ba, amma ke da kika taso kina jin Rediyon Kaduna ko kina kallon NTA Kaduna kin san wannan sojan mai hargagi, mai haɗa Hausar bariki da Turancin buroka, wanda ko umarni ya bayar sai an yi dariya. Mutumin nan Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta jihar Kwara. An haife shi a 1942, ya shiga soja lokacin yaƙin basasar Nijeriya, wato barikin da yake kwaikwayo ya zauna shi, ya san ciki da bayansa. A zamanin da ganin kakin soja kaɗai kan sa mutum ya sauya hanya, shi ya nuna wa talaka cewa sojan nan ma mutum ne, yana da mata, yana da rigimar gida, yana yin kuskure a yi masa dariya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da ta fito daga yaƙi. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023 yana da shekara 81. Haka marigayi Ƙasimu Yero na shirin Karambana, wanda ya rasu a 2017: mutumin da ya iya wasa da Hausa, ya iya da Turanci, har 'yan kudu sun san shi a wasan Cock Crow at Dawn. Irin waɗannan ne in aka zauna da su ba rigar wasa, suka yi magana a natse, sai mu riƙe baki muna mamaki. To laifin wa? Ai ba su suka ɓoye hankalinsu ba. Mu ne ba mu taɓa neman sa a wurinsu ba.

Akwai abu na biyu da ke cikin wannan jin daɗi, kuma shi ya fi taushi. In tsohon ya bayyana, ba shi kaɗai muke gani ba. Muna ganin tsakar gidanmu na da, lokacin da talabijin ɗaya ce a layi, baƙi da fari, tasha ba ta buɗewa sai da yamma, yaran maƙwabta a zube kan tabarma har bakin ƙofa. Muna jin muryar mahaifiyarmu tana dariya har tana riƙe ciki, muna tuna mahaifinmu da kan ɓata fuska ya ce shirme ne, amma ba ya tashi sai an gama. Da yawansu yau suna ƙarƙashin ƙasa, Allah Ya jiƙansu. Saboda haka rabin ƙwallar da muke sharewa ta kanmu ce, ta ƙuruciyarmu da mamatanmu. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba na ganin aibi a cikin wannan, ɗan Adam ne. Sai dai mu kira abin da sunansa: kewa ce. Kewa kuwa daban, godiya daban. Mai kewa kanta take kallo a fuskar tsohon. Mai godiya ita ce ke tambaya, shi fa, yaya yake ciki?

To a nan gizo ke saƙar. Domin in aka zo batun "yaya yake ciki," tarihinmu da masu ba mu dariya ba mai daɗin ji ba ne. Tun kafin talabijin muna da 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai da sunayen abinci, muna da 'yan gambara, muna da wawan sarki a fada wanda shi kaɗai ke iya gaya wa sarki abin da hakimai ke tsoron faɗa. Biki ba ya armashi sai da su. Amma a tsarin zamanmu ina muka ajiye su? Can ƙasa, a sahun maroƙa. Da wasan kwaikwayo ya zo, sai sunan ya koma "ɗan dirama," kuma kin san da irin muryar da ake faɗinsa. Bari in yi miki gwaji ɗaya, ki amsa a zuciyarki ba sai kin gaya wa kowa ba. Tsohon nan da kika gama sa wa albarka jiya da dare, da a ce yana saurayi ya aiko neman auren ƙanwarki, me za a ce a gidanku? Ko a ce yau ɗansa ne ya zo neman 'yarki, aka tambayi asali aka ce ai ɗan wane ne mai ban dariya a talabijin? Mu da muka san kanmu mun san amsar. Mun sha romon, mun ce naman ƙazanta ne.

Na san abin da wata 'yar'uwa za ta ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba, domin a ajin matan aure da nake koyarwa an sha yi mini wannan tambaya. Za ta ce, Malama, ai abin nan lagawu ne, ɓata lokaci ne, wasu malamai ma sun ce haramun ne, to don me za mu ɗora wa kanmu nauyin mai yin sa? Maganarta tana da tushe. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ke shirga ƙarya don ya ba mutane dariya. An kuma ruwaito cewa yawan dariya na kashe zuciya. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana maza su yi wa maza izgili, ta kuma ware mu mata ta hana mu yi wa junanmu, ta hana jifa da sunayen banza. Kuma gaskiya ce, barkwancinmu bai tsira daga waɗannan ba. An yi wasannin da duk dariyarsu a kan gurgu take, ko makaho, ko mai i'ina, ko Bagwarin da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, ko baƙauye da ya shigo birni. An yi waɗanda suka mai da kishi da rashin kunyar mata abin ado. Malamai kuma sun yi saɓani a kan wasan kwaikwayo shi kansa: wasu na ganin ƙarya ce tsagwaronta, wasu na ganin tunda mai yi da mai kallo duk sun san misali ake bugawa, hukuncinsa na bin abin da ke cikinsa ne, mai kyau da kyau, mummuna da muni. Ni ra'ayi na biyu ya fi kwanta mini, amma ba na raina masu na farko.

Sai dai fa, 'yar'uwa, ko wane ra'ayi kika ɗauka, ba ya kuɓutar da ke daga tambayar. In halal ne, to mutum ya yi miki aikin halal kin amfana, kuma an ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, wanda ya gaza a ta biyu bai cika ta farko ba. In kuwa haramun ne, to ke da kika zauna shekara talatin kina kallo kina ƙyaƙyatawa, a wane sahu kike? Ba zai yiwu ba a raba abu biyu, dariya ta zama tamu, zunubi ya zama nasa shi kaɗai. Wadda ta ƙaurace wa kallon tun asali saboda tsoron Allah, ita tana da bakin magana, kuma ina girmama ta. Amma mafi yawanmu ba haka muke ba. Mun kalla, mun ji daɗi, sai da aka zo maganar haƙƙi muka tuna da fatawa.

Akwai wani labari a cikin Sahihul Bukhari da nake so kowace mace ta riƙe. Sayyidina Umar (RA) ne ya ba da shi. A zamanin Annabi (SAW) an yi wani mutum mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, wato jaki, kuma an san shi da ba Manzon Allah dariya. Mutumin nan yana da rauni: an sha kama shi da shan giya ana yi masa bulala. Wata rana aka sake kawo shi, sai wani daga cikin jama'a ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi. Annabi (SAW) ya hana tsinuwar, ya kuma shaide shi da cewa yana son Allah da ManzonSa. Ki duba da kyau. Ba a ɗage masa hukunci ba don yana ban dariya, an yi masa bulalarsa. Amma kuma ba a yarda a tattara mutum gaba ɗayansa a jefa a kwandon laifinsa ba. To in wanda aka kama da giya a hannu ya sami wannan sutura, ina ga dattijon da iyakar abin da muka sani game da shi shi ne ya sa hular soja ko ya ɗaura rawani a karkace ya ba mu dariya? Kuma kada mu manta, da Hanzala (RA) ya zo yana tsoron ya zama munafuki don in ya koma cikin iyalinsa yakan shagala da wasa, Annabi (SAW) kwantar masa da hankali ya yi, ya nuna masa cewa kowane abu da lokacinsa. Rai dangin goro ne, hutu yake so. Matar da ta wuni tsakanin murhu da goyo da haƙurin zama da miji, ita ta fi kowa sanin darajar rabin awar da za ta manta da damuwarta.

Marigayi Rabilu Musa Ibro shi ne ya fi nuna wannan fuska biyu tamu ƙarara. Babu gidan da kaset ɗinsa bai shiga ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai hukunta laifuffukan finafinai a Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko, jama'a suka rabu, masu cewa ya yi daidai da masu cewa an zalunce shi. Ba shari'ar nake son tayarwa ba. Abin da na lura shi ne, cikin masu cewa "maganinsa ke nan" akwai waɗanda da dare suka koma suka kunna fim ɗinsa. Da ya rasu a watan Disamba na 2014, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, sai ga yabo ta ko'ina. Shi bai ma kai ga kujerar da ake zaunar da tsofaffi a yi hira da su ba, balle ya ji da kunnensa.

Yanzu bari mu zo kan ɓangaren da ya fi damuna, wato lokacin da hirar kan tashi daga tuna baya ta koma kuka.

A 2023 aka yi wata hira da Malam Abdullahi Shu'aibu, wato Karkuzu na Bodara, tsohon ɗan wasan nan na Jos da ya yi tashe a talabijin tun shekarun 1980. Dattijo ne da shekaru suka ja ƙwarai. A cikin hirar ya bayyana cewa idanunsa sun tafi, ba shi da abin hannu, kuma ba shi da gidan kansa. Hirar ta zaga ko'ina, mutane suka yi ta jimami. Daga baya ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa, wanda shi ma tashin Jos ne, ya saya masa gida ya haɗa masa da kuɗi. Allah Ya saka masa da alheri. Kafin wannan, a farkon 2022, Hajiya Ladin Cima, wadda iyayenmu suka sani da Tambaya, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita cewa abin da ake ba ta in ta fito a fim bai wuce 'yan dubbai ƙalilan ba. Wasu manyan masu shirya fim suka fito suka musanta, suka faɗi abin da su suka biya ta, wasu kuma suka mara mata baya, aka kwashe kwanaki ana cacar baki. Ba ni da hurumin raba wannan gardama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton: tsohuwa sa'ar kakanninmu, ana lissafin kuɗin cefanenta a bainar jama'a, kowa na tofa albarkacin bakinsa.

Ki yi tunani a kan abin da hakan ke nufi ga Bahaushe. Mu mutane ne da aka rena a kan rufin asiri. Addu'ar da muka fi yi wa juna ke nan, Allah Ya rufa asiri. Magidanci kan kwana da yunwa ya fito da safe da wankakkiyar riga don kada maƙwabci ya gane. Alƙur'ani, a Suratul Baƙara aya ta 273, ya yabi matalautan da saboda kamun kansu wanda bai san su ba kan zaci mawadata ne, ya kuma nuna cewa da alamunsu ake gane su, ba da naci wajen roƙo ba. Ma'ana, aikin ganowa a kanmu yake. To sai ga shi mun wayi gari dattijo ba zai sami ɗakin kwana ba sai ya zauna gaban kyamara ya kwance wa kansa zani a kasuwa, dubban mutane na kallo. Yana ƙuruciya mun kalli wautarsa ta wasa mun yi dariya. Ya tsufa mun kalli talaucinsa na gaske mun yi kuka. A duka biyun mu 'yan kallo ne, shi abin kallo. Kuma kuka ma, in ba a yi hankali ba, wani nau'in nishaɗi ne. Za ki share hawaye ki ji zuciyarki ta yi sanyi, ki ji ke mai tausayi ce, ki tura wa ƙawarki, ki koma kan tukunyarki. Shi kuwa yana nan inda yake.

Ba ina cewa masu hirar sun yi laifi ba ne. Ba don hirar ba, da wataƙila Karkuzu bai sami gidan ba, kuma ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Amma akwai bambanci tsakanin mai tambayar da ke ba dattijo girmansa, ya bar shi ya faɗi abin da ya ga dama, da wanda ke ta zungurar sa sai ya ga hawaye, don ya san hawayen ne za a yanko a yi talla da shi. Mu masu kallo mu ne alƙalan wannan. Abin da muka fi rububi shi za a ƙara kawo mana. In tsoho ya yi hirar awa guda, ya ba da tarihin yadda aka fara wasan kwaikwayo a gidan rediyo, ya faɗi iyayen gidansa, ya yi wa matasa nasiha, amma abin da muka tura wa juna shi ne minti biyun da muryarsa ta karye, to mun gaya wa masu shirin irin kayan da muke saye.

Kuma ya aka yi suka tsufa hannu wofi? Sau da yawa mukan yi saurin cewa ai 'yan wasa ba su da tattali, sun samu sun watsar. Akwai masu wannan hali, kamar yadda suke a kowace sana'a. Amma ki duba yadda abin yake tafiya. A zamanin wasannin gidajen talabijin na gwamnati, wanda ba ma'aikacin gidan ba ɗan abin sallama ake ba shi na fitowar da ya yi, shi ke nan. A maimaita shirin sau nawa ne, ba ya ƙara ganin ko kwabo. Babu fansho, babu garatuti. Da zamanin kaset da faifan CD ya zo, masu satar fasaha suka riƙa buga na jabu suna sayarwa da araha. Daga baya aka koma turi a waya, a ba mai shago ɗan canji ya cika miki waya da finafinai, ba tare da ko sisi ya isa hannun waɗanda suka yi wahalar ba. To su wa ke sayen na jabun? Su wa ke aika yara wurin masu turi? Kin ga ashe ba a nesa za mu nemi wani ɓangare na amsar ba. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Gumin waɗannan ya bushe shekara talatin, arba'in, kuma abin da muka miƙa musu shi ne "Allah sarki."

Wata za ta ce, to Malama, ga marayu, ga zawarawa, ga 'yan gudun hijira, a bar waɗannan a koma kan ɗan wasa? Ban ce a bar kowa ba. Tsohon da ya makance ba shi da abinci ai miskini ne, ko limanci ya yi a ƙuruciyarsa ko barkwanci, kuma ayar da ta lissafa masu cin zakka ba ta tambayi sana'arsa ta da ba. Abin da nake ƙi shi ne a sa sana'ar ta zama dalilin tsallake shi, bayan kuwa mu muka ci moriyarta. In mutum ɗaya ya iya sayen gida, ki auna abin da zai taru da a ce kowace mace da ta share hawaye a kan hirar nan ta ajiye kuɗin katin waya na kwana ɗaya. Ƙungiyoyinmu na mata sun iya wannan aiki, mun saba kai ziyara asibiti da gidan marayu da gidan yari. Kuma mun iya yin sa yadda ya dace, a shiga gida da sallama, a gaida iyali, a ajiye abin da aka kawo, a fito ba hoto ba sanarwa.

Ba kuma sai na talabijin ba. Kowace unguwa tana da tata Tambayar. Ki tuna tsohuwar nan da in ba ta zo biki ba sai a ce bikin bai yi daɗi ba, mai kwaikwayon tafiyar amarya da muryar uwar miji, wadda ke shiga gidan da kishiyoyi suka kwana uku ba sa magana ta fito ta bar su suna dariya. Ko kakar da ke tsokanar jikanta tana ce masa mijinta marowaci. Ko abokiyar wasa, Bafulatana da Babarbariya, Bakatsiniya da Bagobira, da kan sauke wa taro nauyi da kalma ɗaya. Allah da kanSa Ya faɗa a Suratun Najmi cewa Shi ne Mai sa dariya, Shi ne Mai sa kuka, kuma ta hannun irin waɗannan bayi nasa yake aiko mana da ta farkon. Yaushe rabonki da ki leƙa ta tun da ƙafa ta hana ta fita? Ita ba wanda zai gayyace ta hira. Ba kyamarar da za ta je ɗakinta.

In an sake kawo wani tsohon a talabijin, ki zauna ki kalla, ki ji daɗinki, ba wanda ya hana. Ki kira yaranki ki ce musu wannan shi ne wanda kakarku ke so, ki gaya musu sunansa na yanka, ba na wasa kaɗai ba. Ki saurari hirar har ƙarshe, har wuraren da ba dariya ba kuka, inda yake ba da labarin garinsu da malaminsa na allo da yadda ya rena 'ya'yansa. In ya faɗi wata buƙata, ki tambayi maigida ko shugabar reshenku ta wace hanya za a isa gare shi tun yana iya cin abin da aka kai masa. Karkuzu bai daɗe da samun gidan nan ba Allah Ya karɓi abinSa a 2025, yana da shekara fiye da 90. Samanja ya riga shi, Ƙasimu Yero ya riga su. Allah Ya gafarta musu, Ya sa sun huta. 'Yan kaɗan ne suka rage daga wannan sahu, kuma mafi yawansu ba a Kaduna ko Kano ko Jos kaɗai suke ba, suna nan warwatse a garuruwan da aka taɓa yin gidan rediyo ko na talabijin, wasu a gidan haya.